Gwaggo Tasalla da Tsawon 'Yan Takarar Amurka

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Tasalla a unguwar Cheetham Hill ta Manchester lokacin zaɓen Amurka ya san abin da zan fara da shi. Talabijin a kunne, murya a kashe. Ga ƙarti biyu a tsaye suna ta wage baki suna nuna juna da yatsa, amma ɗakin tsit. Ita kuwa tana kan kujerarta, ta danne rimot da cinya, ta gyara tabarau, ta ƙura musu ido kamar mai zaɓen rago ana jibi Sallah.

"Gwaggo, a ɗan saki murya mana mu ji abin da suke faɗa."

"Ka ji me? Ƙarya ai ko da Turanci aka yi ta ƙarya ce. Dubi kafaɗar na hagun nan. Ta zube. Wannan ya faɗi."

Ga yaran da suka taso daga baya, Gwaggo Tasalla yayar mahaifina ce. A Zangon Kumasi aka haife ta, ta biyo mijinta Manchester tana da ƙuruciyarta, ta ƙare ƙarfinta wajen ninke tufafi a manyan rumbunan kaya na unguwar. Ni kuma sunan mahaifinsu na ci, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana. Suna ne na girmamawa, amma kun san yadda take jan sa idan za ta ci mutuncina.

Matar nan fa ba ta taɓa taka Amurka ba. Ba ta da ƙuri'a a can, ba ta da ɗa, ba ta da jika. Zaɓen ƙasar da take zaune ma ba ya gabanta. Na taɓa tambayar ta dalili, ta ce, "Na nan ba su da fasali. Kowa ka gani kamar yanzu aka tashe shi daga barci." Amma Amurka ta fara shirin zaɓe, to mu dangi mun shiga uku. Karatunta guda ne, kuma ba ta taɓa sauya shi ba: Ba'amurke da ido yake zaɓe, ba da kunne ba. Farko tsawo, sai gashi, sai haƙori, sai yadda mutum yake taka ƙasa. Wanda ya yi gumi a gaban kyamara, ya tafi gida. Sunayensu ma ba ta wahalar da kanta wajen riƙewa. Akwai Dogo, akwai Mai Wuya, akwai wani bawan Allah da har ya gama takararsa Kunnen Tulu take ce masa.

Ni a Birmingham nake, a Balsall Heath, aikin akanta nake yi. Ina tsakiyar taro a ofis sai waya ta ɗauki ruri. Ka san kiran tsohuwa ba a ƙin ɗagawa, ko wani abu ne ya same ta. In fita da sauri in ɗaga.

"Gwaggo, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Mai Wuya ya yi aski. Wa ya ba shi shawara? Kunnuwa duk a waje!"

'Yata Hanan, da take karanta siyasa a jami'a, ta taɓa zama ta yi mata bayani dalla-dalla, rabi Hausa rabi Turancin Birmingham. Ta ce akwai jihohi, akwai wakilai, akwai tattalin arziki, akwai tsadar rayuwa. Gwaggo ta saurare ta har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce, "Allah ya yi albarka. To cikin su biyun wa ya fi tsawo?"

Kada wani ya tashi a nan ya ce ai tana cankar daidai. Na san akwai masu faɗin haka tun da ta rasu, mutuwa mai gyara labari. Ni da nake shan kiran waya zan gaya muku: wataran ta dace, wataran ta sha ƙasa, kamar kowa. Bambancin kawai shi ne Gwaggo ba ta taɓa yin kuskure ba. Kullum wani ne ya jawo, kuma wanin nan yawanci ni ne.

Ku tuna shekarar da na saya mata sabuwar talabijin, irin shafaffiyar nan mai faɗi. Tsohuwar tata mai ƙusumbi ce, sai an mare ta a gefe take kawo hoto. Na ɗauko sabuwa tun daga Birmingham, na kafa mata a bango, na kwashi tsohuwar na kai jujin ƙaramar hukuma. Har albarka ta sa mini. Zaɓe ya zo, wanda ta tsayar ya faɗi. Washegari da safe ga kira.

"Babana."

Daga jin yadda ta ja shi na san babu alheri.

"Wannan allon da ka liƙa mini, ƙarya yake yi. Yana baje mutane. Dogo ya koma gajere, gajere ya koma faifai. Da me zan auna? Ka dawo mini da tawa."

"Gwaggo, ai na kai ta juji tun tuni."

"To juji ƙaura ya yi?"

Wallahi sai da na je. Ranar Asabar, cikin yayyafi, ni da girmana na tsaya gaban wani Bature mai rigar aiki ina kwatanta masa talabijin mai ƙusumbi da tabon man ja a samanta. Ya dube ni, ya dubi motata, ya tambaye ni a hankali, kamar mai lallashin wanda ya zautu, ko akwai wanda zai kira mini. Da na koma na ba ta labari, cewa ta yi, "Da wani mai kwarjini aka tura, da sun fito da ita."

Sai shekarar da mace ta tsaya. Nan ne na ga Gwaggo ta rikice, don ma'auninta na maza ne. Ta yi kwanaki tana kallon matar ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ranar da muka kai mata ziyara ni da matata Rakiya, muka same ta tana huci.

"Rakiya, zo ki ga rashin adalci. Namiji ya fito da tumbi kamar randa, a ce cika ido. Ita ta yi dariya, a ce ba ta da kamun kai. Ta ɗaure fuska, a ce muguwa. Ta sa wando a yi magana, ta sa siket a yi magana. To da me za ta fito?"

Rakiya ta ce gaskiya ne. Ni ma na ce gaskiya ne, har na ji daɗi a raina, yau ga Gwaggo ta faɗi magana mai ma'ana. Ashe tarko ne.

"Abin da ya rage mata ɗaya ne. Kai. Kanta a sake yake, ba ta da tsawo. A ɗora mata ɗauri, ta kere abokin takararta da taƙi guda, magana ta ƙare."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi. Gwaggoro ne mai ruwan zinariya, wanda ta yi shekaru tana ɓoyo ba ta taɓa ɗaurawa ba, da tandun kwalli, da turaren wuta a kwalba. Ta ce in kai gidan waya.

"A aika wa wa, Gwaggo?"

"Matar mana."

"Wane adireshi?"

"Amurka. Mace nawa ce take takara a can? Kowa ya san ta."

Na yi bayani, na yi magiya, Rakiya ta juya baya kafaɗunta na rawa. A ƙarshe na ɗauki ƙunshin na bi layi a gidan waya, Gwaggo na tsaye a bayana da sandarta don kada in zille. Matar da ke kan kanta ta ce ba a aika kaya babu cikakken adireshi, ta kuma buɗe kwalbar turaren ta shinshina ta tambayi ko mene ne wannan baƙin abu. Muka dawo da kayanmu. Da sakamako ya fito 'yar takarar ba ta ci ba, ban jira kira ba, na kashe wayata. Sai ta kira Rakiya.

"Ki gaya wa mijinki, ya ji daɗi. Shi ya kayar da ita."

Har ta koma ga Allah, in dai maganar ta taso a cikin mutane, sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga shi nan zaune. Tarihi ya zo hannunsa ya kasa sayen kan sarki."

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ta yi mini lokacin da na tsaya takarar shugabancin ƙungiyarmu ta Hausawan Birmingham. Wasunku suna wurin, kuma na ga har kun fara murmushi. Allah ya isa.

Ba son girma ya sa na tsaya ba. Muna da ajin Asabar inda yaranmu suke koyon Hausa da karatun allo, ni da wasu iyaye muka kafa shi, kuma shi ne kawai wurin da yaran nan suke buɗe baki su ce "ina kwana" ba a matsa musu ba. Abokin takarata, Injiniya Bashir, ya ce ajin yana cinye zauren taro a ranar da aka fi neman sa don biki da suna, gara a rufe. Mutumin kirki ne, ra'ayi ne ya bambanta. Matsalar ita ce Injiniya Bashir in zai shiga ƙofa sai ya sunkuya. Ga gashi baƙi wuluk, ga haƙora kamar an jera farin wake. Ni kuwa ga ni dai kuna gani. Sanƙo tun ina saurayi, tsawo kuma Allah ya raba ban je da wuri ba.

Ban gaya wa Gwaggo ba. Hanan ce ta yi suɓul da baka. Ana gobe zaɓe muka ji ƙararrawa, na buɗe ƙofa, ga Gwaggo ta sauko daga bas tun daga Manchester, ita da jaka Ghana-mos-go.

"Ina hoton abokin karawar?"

Hanan ta nuna mata a waya. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba.

"Inna lillahi. To, mu dai yi abin da za mu iya."

Na ce, "Gwaggo, na shirya jawabi. Mutanenmu sun san ni, sun san aikina. Nan ba Amurka ba ce."

"Ido ai ba shi da fasfo, Babana. Zauna."

Ta zazzage jakar. Takalmi mai tudun dunduniya, wanda ta samo wurin wani tsohon abokin aikinta a rumbun kaya, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya matsewa. Hula doguwa kamar turmi, don ta rufe sanƙo ta kuma ƙara taƙi. Da wani baƙin rini na gemu a kwali, rubutun jikinsa ba Turanci ba, ba Larabci ba. Na ce ba zan shafa ba. Ta ce furfura a gemun gajere ba dattako ba ce, gajiya ce. Na ce a'a. Ta dafe ƙirji ta ce ashe ta yi tafiyar banza, ashe ɗan ƙaninta ya fi ƙarfinta, Allah ya jiƙan Malam, mahaifinsu, da ya haifi mai jin magana. Kun san ƙarshen irin wannan. Na zauna, ta shafa.

Ranar zaɓe an kunna hita a zauren har kamar gidan burodi, ga jama'a maƙil. Injiniya Bashir ya yi jawabinsa, gajere, rabinsa murmushi. Aka kira ni. Na miƙe a kan takalman nan ina tafiya kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Wajen hawa dandamali ƙafar dama ta gurɗe, na kama rigar mai gabatarwa, hula ta yi gaba ta gangara har gaban layin mata. Wata yarinya ta ɗauko ta miƙo mini da hannu biyu. Na mayar, na fara magana.

Jawabin fa mai kyau ne, har yau ina faɗa. Amma ina cikin bayanin makomar harshenmu sai na ga mutane sun daina kallon idona, suna kallon wuyana. Gumi ya taso, rini ya narke. Baƙin ruwa yana bin maƙogwarona yana sauka a kan farar shaddata, layi-layi. Na sa hannu na share, na mayar da hannun na goge goshi. Wani yaro a gaba ya ce da ƙarfi, da Turancinsu na nan, wai kawu yana yoyo.

Na leƙa inda Gwaggo take, ko zan samu ɗan ƙarfin gwiwa. Ta rufe fuska da mayafi.

Na sha kaye, ba sai an faɗa ba. Ina zaune a gefe Rakiya tana goge ni da tsumma, raina a ɓace, ina tunanin yaran nan da ajinsu, sai na hango Gwaggo ta ratsa taro da sandarta ta nufi Injiniya Bashir. Na ce to, za ta je ta faɗa masa magana. Ina! Hannu ta ɗaga tana sa masa albarka.

"Tun da na ga hotonka na san kai ne. Hanan, zo ki ɗauke mu."

Ni da aka yi wa rini! A gabana!

Amma ku ji ƙarshen. Bayan an ɗauki hoton, ta karɓi wayar ta duba, ta taɓe baki. Ta ce masa, "Kai kaɗai a tsaye kamar falwaya, babu kyau. Ba ka ga na Amurka ba? Ba sa fita sai da yara a gefe. Dogo a tsakiyar yara, shi ne shugaba. Ina yaran ajin nan?" Aka tattaro su, aka jera, ya durƙusa a tsakiyarsu suna ta hawa kafaɗarsa. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har shi aka buga a kalandar ƙungiya. To wa zai rufe ajin da yake rataye a bangon kowane gida da fuskarsa a ciki? Ajin Asabar yana nan har gobe, kuma Injiniya Bashir da kansa yake kawo musu biskit.

A hanyar raka ta tashar bas na ce, "Gwaggo, da kin bar ni da gemuna da takalmina, wataƙila da na ci."

Ta ce, "Da ka faɗi dai babu wanda ya lura. Yanzu kuwa ba za a taɓa mantawa da kai ba."

Rigimarmu ta ƙarshe ba ta dariya ba ce, ko da yake ita ma sai da ta sa aka yi. Bara zuciyarta ta fara ba ta wahala. Likitan unguwa ya tura ta babban asibiti, aka ce jijiya ce ta toshe, sai an yi aiki, kuma ba a so a jinkirta. Na baro Birmingham a guje. Likitar da za ta yi aikin ta shigo, 'yar siririya, ƙarama, da takalmin kambas, gashi a ɗaure da roba. Ta yi bayani ta fita don a kawo takardar sa hannu. Gwaggo ta juya fuska bango.

"Wannan ko monitar aji ba za a zaɓe ta ba. A nemo babban."

"Ita ce babbar, Gwaggo."

"To a nemo dogon."

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya. Na ce wannan ba talabijin ba ce, ranki ne. Na ce shekara da shekaru kina auna mutane kamar buhun masara, yau za ki kashe kanki a kan takalmi. Na faɗi da yawa. Ta bar ni na gama, sannan ta juyo.

"Babana, da na zo ƙasar nan ba na jin ko kalma ɗaya. Mai gidan haya, mai ba da aiki, direban bas, duk baki kawai nake gani yana motsi. Da fuska na san wanda zai cuce ni da wanda zai taimake ni. Su ma haka suka yi mini. Kafin in ce uffan sun dubi zanena sun gama da ni. Kai da aka kai makaranta kana da kunne. Ni ido aka bar mini."

Muna nan zaune likitar ta dawo, ina jin nas ce ta gaya mata ana gardama. Ba ta tsaya a kanta ba. Ta jawo kujera ta zauna dab da gado, ta kama hannun Gwaggo, ta sake bayanin a hankali ina fassarawa. Gwaggo ba ta saurare ni ba, na sani. Hannun take kallo, da idon. Can ta ce, "Hannunta ba ya rawa. Idonta ba ya gudu. Kawo takardar." Ta dangwala, ta ƙara da cewa, "Amma ka gaya mata ta sauya takalmi." Ban fassara ba. Ta ce, "Na ga bakinka bai motsa ba."

Aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara mata kwanaki masu dama, ta ci gaba da kirana a ofis. Da jikin ya sake rikicewa a bana, muka dawo da ita gidanmu. Ta rame ƙwarai. Duk da haka babu baƙon da zai shiga ɗakinta sai Rakiya ta ɗaura mata kallabi ta zizara mata kwalli. Wata ranar Juma'a da hantsi ina zaune a bakin gadonta, na cire hula saboda zafin ɗakin, sai na ga ta daɗe tana kallona. Na shirya jin abin da aka saba.

Ta ce, "Kai kam Malam ka ɗauko sak. Haka yake, ɗan dunƙule, kai kamar ƙwarya. In ya ratso Zango, manya miƙewa suke yi. Ban taɓa ganin namiji mai kwarjininsa ba."

Ban taɓa ganin kakana ba, ko hotonsa babu. Duk rayuwata na ɗauka wani zabgegen mutum ne.

Na ce, "Gwaggo! Ashe gajere ne? To duk shekarun nan da kika hana ni sakat fa?"

Ta lumshe ido, ta ce, "Shi ai bai taɓa tsayawa zaɓe ba."

Ta miƙo hannu ta dafa sanƙon nan nawa, ta bar shi a wurin, tana motsa baki a hankali. Ban ji abin da take faɗa ba, amma na san addu'a ce. Kwana kaɗan bayan nan ta cika.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tasalla. Allah ya yafe mata, ya yafe mana abin da muka yi mata na gajen haƙuri. Ta yi baƙunci mai tsawo a ƙasar mutane, Allah ya sa ta isa gida, ya haɗa ta da Malam a inuwar rahamarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.